Doki Ɗaya na Baba Pindar

Duk wanda ya yi karatu a waccan sakandaren ta bayan Wulari ya san Baba Pindar, ko da bai taɓa tambayar sunansa ba. Gajere ne, irin gajartar da in ya tsaya a bayan teburin ɗakin gwaje-gwaje kai da kafaɗu kawai ake gani, kamar an ɗora tulu a kan kanta. Farar rigarsa ta aiki wani dogo aka ɗinka wa, sai ya naɗe hannayen sau uku kafin yatsunsa su leƙo. Makullai kuwa tuli guda a ƙugunsa, su suke yin sallama tun kafin shi ya iso.

Daga wani ƙauye na ƙasar Biu ya zo Yerwa yana saurayi, da takardar firamare da ɗan akwatin ƙarfe. Ya yi dako a kasuwa, ya yi wankin mota, har wani ɗan garinsu ya sama masa aikin shara a makarantar. Da aka lura shara yake yi amma ba ya fasa kwalba, sai aka miƙa masa makullin ɗakin gwaje-gwaje. Shekara talatin da ɗaya yana nan, yana goge ma'auni, yana jera duwatsun awo, yana ƙirga su bayan yara sun fita domin yaro ba abin yarda ba ne. Malaman fiziks sun zo sun tafi, wasu da kuka wasu da ƙarin girma, shi kuwa yana kan kujerarsa ta bayan aji, ido a lumshe. Kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake. Ina! Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Darasin da ya fi so shi ne na matakala. Kowace shekara Malam Thomas, wanda ya fi daɗewa a cikin malaman, yakan kwashi 'yan aji huɗu zuwa gindin bene. A auna nauyin yaro, a auna tsawon benen, sannan a ce ya ruga sama da gudu. Pindar ne mai riƙe agogon awo. Malam Thomas kuwa sai ya riƙa nanatawa: nauyin da ka ɗaga da tsawon da ka kai shi, shi ne aiki. Aikin nan in ka raba shi da lokacin da ya ci, shi ne ƙarfi. Ƙato da siriri duk suna iya kai buhu sama, amma wanda ya kai a minti ɗaya ya ninka wanda ya kai a minti biyu. Sau talatin da ɗaya Pindar ya ji wannan magana, har ta zauna masa a kai daram.

Daga nan ciwon ya bi shi gida. Ya auna ƙarfin mai moya da ke turo musu ruwa a baro. Ya auna na jakin maƙwabci. Ranar da ya tsaya da agogo a kan matarsa Kubili tana daka, ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"Pindar, ko ka karɓi taɓaryar nan in auna naka, ko ka ba ni wuri."

Ya ba ta wuri.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙoshi duk tsawon shekarun. A makarantar nan kowa Malam ne, har mai koya wa yara tsalle-tsalle a fili. Shi kaɗai ne Baba. Sau ɗaya ya taɓa ɗaga hannu ya gaya wa wani sabon malami cewa ya manta bai mai da minti zuwa sakan ba. Yara suka yi tafi, malamin ya ce ya je ya wanke kwalabe. Tun daga ranar ya ɗinke bakinsa.

Sai shekarar dubu biyu da sha huɗu ta zo da abin da ta zo da shi. Aka rufe makarantu, Malam Thomas ya kwashi iyalinsa ya yi Jos, sauran malamai kowa ya kama gabansa. Kafin damina ta ɗauke, mutanen ƙasar Bama suka fara shigowa gari a ƙafa, da tabarmi da tukwane da tsofaffi a goye. Aka zuba wajen mutum ɗari bakwai a makarantar. Azuzuwa suka zama ɗakunan kwana, filin ƙwallo ya cika da murhu. Wanda ya rage da makullai a ƙugu shi ne Pindar, don haka ya wayi gari shi ne hedimasta, shi ne masinja.

Babbar damuwa ruwa ce. Famfo ya daɗe da rasuwa. Akwai tsohuwar rijiya a bayan kicin, mai zurfin da in ka leƙa sai kanka ya juya, akwai kuma manyan tankunan roba biyu a kan doguwar hasumiyar ƙarfe, waɗanda rabon su da ruwa har tsuntsaye sun manta. Mata ke jan guga tun asuba har la'asar, tafin hannu duk ya sale, layi kuma ba ya ƙarewa.

Shugabar matan ita ce Ya Gana, wata dattijuwa da ta baro gida da awaki da kishin ƙasa duk a Bama, amma ta taho da bakinta cif. Haɗuwarsu ta fari da Pindar a bakin rijiya aka yi ta. Ta ɗago kai tana jan guga ta ga wani ɗan guntun mutum a farar riga yana danna agogo yana motsa leɓe.

"Wushe, Baba. Likita ne kai, ko mai yankan kaji?"

"Ƙarfinki nake aunawa, Ya Gana."

"To, nawa ka samu?"

Ya ɗan yi lissafi a tafin hannu. "Guganki kilo goma ne, kin fito da shi a minti ɗaya. In aka raba ƙarfin doki gida goma sha bakwai, kina da kashi ɗaya."

Ya Gana ta juya wajen mata. "Kun ji ko? Na haifi tara, na yi tafiyar kwana biyu a ƙafa da jika a baya, ashe wutsiyar doki ce ni. Kai kuma fa, Baba? Kofato?"

Mata suka kwashe da dariya. Pindar ya sa agogonsa a aljihu ya wuce, makullai na yi masa rakiya.

Bayan mako biyu wata ƙungiyar agaji ta aiko da ma'aikacinta. Aka zauna a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, da shi, da Bulama Madu shugaban sansanin, da Maikuɗi makanike wanda ke gyaran janareta a bakin titi, da Ya Gana a gefe ta kafa gwiwa. Pindar yana tsaye a baya kamar yadda ya saba. Ma'aikacin ya ce suna da sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, mai ƙarfin doki ɗaya, da ƙaramar janaretar da za ta ja shi, da man da zai isa awa uku kullum. Wannan gobe ma ana iya kawowa. Mai doki biyu kuwa sai an jira shi da babbar janareta daga Kano, hanya kuma kowa ya san halin da take ciki, wata ɗaya ko uku, Allah ne masani. Kuma wanda ya karɓi ƙaramin an cire sunansa daga jerin masu jiran babban.

"A jira babban," in ji Maikuɗi. "Inji kamar tuwo ne, gara ya yi saura."

"Hannunka ne zai ja guga wata uku?" in ji Ya Gana.

"To in ƙaramin ya kasa fa? An yi biyu babu."

Bulama Madu ya cire hula ya sosa kai ya mayar. A nan ne abin da Pindar ya haɗiye shekara talatin da ɗaya ya taso masa.

"Ba sai an yi canki-canki ba," ya ce. "Ana lissafa shi. Ku ba ni zuwa gobe."

Tsawon hasumiya bai ba shi wahala ba, ya sa tef ya auna, mita tara. Zurfin rijiya ne ya rage. Mata sun yi mata zobe, kuma Pindar ya gwammace ya shiga ramin kura da ya sake ratsa gaban Ya Gana da abin awo a hannu. Sai ya tuna mai gadi ya taɓa gaya masa cewa wanda ya haƙa rijiyar, wani Ajimi, yana nan da rai a Ajilari. Wa ya fi mai haƙa sanin rijiyarsa? Ya hau keke, ya sauka a shingen sojoji uku yana ɗaga hannu da riga, har ya isa.

Ya tarar da tsoho kwance a zaure, a dunƙule cikin bargo, ƙafa ta daina ɗaukarsa amma kai garau.

"Rijiyar makaranta?" in ji Ajimi. "Daga baki zuwa fuskar ruwa gaba goma sha takwas. Ko a kabari ka tashe ni zan faɗa maka."

Gaba dai kowa ya san shi: mutum ya ware hannayensa biyu, daga kan wannan yatsa zuwa wancan. Da shi masu haƙar rijiya ke awo tun kaka da kakanni. Pindar ya koma gida, ya jingina da bango ya ware hannu, Kubili ta yi masa alama da gawayi tana tsaki. Ya auna: mita ɗaya da rabi. Sau goma sha takwas, mita ashirin da bakwai. A haɗa da tara na hasumiya, talatin da shida. Ya ci tuwonsa da daɗi a ranar.

Washegari ya buɗe ajin da ba a sa kowa ba, ya tara su, ya ɗauki alli ya taka benci domin ya kai allo.

"Tankunan nan biyu lita dubu goma suke ci. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, kun ga kilo dubu goma. A ninka da goma saboda jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, dubu ɗari. Za a ɗaga shi mita talatin da shida, aiki ya zama miliyan uku da dubu ɗari shida."

"Miliyan uku na me?" in ji Bulama.

"Na wahala, Ba Madu. Wahalar da matan nan ke sha ce aka rubuta da lamba. To awa uku sakan dubu goma da ɗari takwas ne. In ka raba, ka sami wat ɗari uku da talatin da uku. Amma inji ɓarawo ne, rabin abin da ka ba shi a zafi da gogayyar bututu yake tafiya. Don haka a ninka biyu, ɗari shida da sittin da shida. Doki ɗaya kuwa ɗari bakwai da arba'in da shida ne." Ya ja layi biyu a ƙasa, irin na Malam Thomas. "Doki ɗaya ya isa, har da ragowa."

Maikuɗi ya taɓe baki. "Ni dai shekara ashirin ina kwance inji, ban taɓa ganin wanda alli ya tayar ba."

Ya Gana ta miƙe ta gyara lafayarta. "Baba, ni ban san wat ba, ban san uwar wat ba. Magana ɗaya ce. A tayar da inji ƙarfe tara, in sha biyu ta yi tankunan nan sun cika, ni Gana zan kira ka Malam a gaban kowa, da bakin nan nawa. In ba su cika ba, ka ja guga tare da mu kwana bakwai, da farar rigarka."

"Makullin injin kuma a ba Maikuɗi," in ji Bulama, wanda ba ya son rigima amma yana son kallonta.

Pindar ya ce ya yarda. Baki shi ke yanka wuya.

Aka kawo sumo, Maikuɗi ya haɗa bututu ya zura shi, ranar Laraba da ƙarfe tara daidai ya ja igiyar janareta. Da ruwa ya fara faɗawa cikin tanki, ƙarar ta sa mata guɗa. Pindar ya kafa kujera a gindin hasumiya, agogo a hannu, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana amsa gaisuwa da ka kamar sabon hakimi. Sha ɗaya saura, tankin farko ya cika. Ya ɗan yamutsa fuska, domin a lissafinsa ya kamata a ce an wuce nan tuni. Sha ɗaya da rabi ya sauke ƙafar. Sha biyu da 'yan mintoci janareta ta yi tari sau biyu ta yi shiru, mai ya ƙare.

Maikuɗi ya hau tsani, ya leƙa tanki na biyu, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da shi a bushe ya ɗaga wa jama'a.

"Saura kamu guda!"

Kamu guda a bakin tanki ba abin dariya ba ne, ruwan mutum saba'in ne. Da la'asar waɗanda ke ƙarshen layi suka tarar famfo na hura iska, aka yi cacar baki, wata ta fasa wa wata bokiti. Sunan sansanin kuma an riga an cire shi daga jerin babban inji. Duk wanda ya wuce Pindar sai ya dube shi, ya dubi hasumiya. Ya kwance makullin injin daga ƙugunsa ya miƙa wa Maikuɗi.

"Sai da asuba, Baba Doki-Ɗaya," in ji Ya Gana. "Ka zo da man zafi."

Ya zo kuwa. Duk abin da za a faɗa a kan Pindar, ba ya cin alkawari. Ya naɗe hannun riga sau huɗu ya kama igiya domin cike ruwan mutum saba'in ɗin nan. Guga na farko ya fito da shi da kyar, na uku sai da wata mai ciki ta kama masa. Ya Gana ta karɓi agogon awonsa ta rataya a wuya, tana dannawa ba tare da ta san inda ake dubawa ba.

"Mata, ku zo ku ga ƙarfi! In aka raba ɓera gida goma, Baba yana da kashi ɗaya."

A gida ya sake bin lissafin nan sau ya fi ashirin. Ninkawa daidai, rabawa daidai. Har ya fara zargin ko Malam Thomas ƙarya ya yi ta koya wa 'ya'yan mutane. Kubili tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi ta ce, "Da ka tsaya a wankin kwalabe da yanzu kana barcinka."

A rana ta uku, da aka gama, Ya Gana ta jefa masa igiya ta ce ya naɗe. Matan sun ɗaura wani jan ƙyalle a jikinta, daidai inda take tsayawa a bakin rijiya in guga ya taɓa ruwa. Pindar ya kama daga wuyan guga yana ware hannu yana naɗewa, bakinsa kuma, da yake ya saba, yana ƙirgawa shi kaɗai. Sha shida, sha bakwai, sha takwas. Ya duba, jan ƙyalle na can a ƙasa cikin taɓo, ko kusa bai zo ba. Ya ci gaba. Sai a ashirin da huɗu ƙyallen ya zo hannunsa.

Ya warware ya sake. Ashirin da huɗu. Ya sake.

"Baba ya fara sambatu," in ji wata.

Bai ko cire rigar da ta jiƙe ba ya ɗauki tef ya nufi Ajilari. Ya tarar da Ajimi a inda ya bar shi, 'yarsa Zainaba tana ba shi kunu.

"Baba Ajimi, ka ce min gaba goma sha takwas."

"Na ce, kuma ina nan a kai."

"Na auna igiya, ashirin da huɗu na samu."

Tsoho ya leƙo daga bargo, ya dube shi tun daga hula har takalmi, tafiyar da ba ta ɗauki idonsa lokaci ba. "Zainaba, tayar da ni."

Ta tallafe shi ya zauna. Ya fito da hannu ɗaya daga bargo, hannun ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Ya fito da ɗayan. Da ya ware su, wannan ya taɓa ƙyauren zaure, wancan ya ture kwanon kunu da ke can gefe. Pindar ya ja tef daga yatsa zuwa yatsa. Mita biyu cif.

Ajimi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗana, da hannunka na haƙa ta? A zamanina in na tsaya a kasuwar shanu, daga tasha ake hango ni. Kai da ka zo tambaya, ai sai ka ce in tashi ka gan ni."

A kan keke Pindar ya gama lissafin. Sha takwas sau biyu, talatin da shida, zurfin rijiya kaɗai. Da hasumiya arba'in da biyar. Mita tara ya ɓatar tsakanin kafaɗarsa da ta Ajimi. Dokinsa ba rago ba ne, kaya aka yi masa fiye da wanda aka gaya masa.

Da wani ne, da ya yi shiru ya bar abin a cikinsa. Pindar ya tara Bulama da Maikuɗi da Ya Gana a gindin dogon yaro ya faɗi komai, har da alamar gawayin Kubili. Maikuɗi ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Bulama ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Ya Gana kuwa ko murmushi.

"Tsaya. Wato rijiyar ta fi yadda ka zata zurfi?"

"Da mita tara."

"To ranar da ka ce ni wutsiyar doki ce, da wane zurfin ka auna ni?"

Pindar ya yi ƙasa da kai. A ranar ma da ƙiyasin ido ya yi, kuma ƙiyasin bai wuce wancan gajeren ba. "In aka gyara, kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne."

"Kun ji! Ya cinye min ƙarfi a gaban mutane. Daga wutsiya na koma cinya." Ta gyara zama. "To yanzu mene ne magani, Baba Doki-Ɗaya?"

"Uku ne. A ƙara doki, babu. A ƙara lokaci, babu mai. A rage ruwa, ku cinye ni ɗanye."

"Tsawon fa? Shi ba a taɓa shi?"

"Rijiya ba ta tasowa sama, Ya Gana."

"Ban ce rijiya ba." Ta nuna hasumiya da haɓa. "Wancan abin. Wa ke kwana a can sama da za a kai masa ruwa? Tun da na zo nake mamaki. Ruwa ya fito daga rami, a wahalar da shi ya hau sama kamar mai kiran salla, sannan ya sauko mu tara bokiti a ƙasa. Ko gaisuwa yake zuwa yi wa tsuntsaye?"

Pindar ya buɗe baki zai ce ai haka ake yi, sai ya rufe. An gina hasumiyar ne don ruwa ya hau benen ɗakin kwanan ɗalibai da famfunan ɗakin gwaje-gwaje. Yanzu kuwa famfo huɗu ne kawai a gindinta, duk a ƙasa. Shekara talatin da ɗaya yana wucewa ta ƙarƙashin abin nan, bai taɓa tambayar kansa ba. Ya tsuguna ya fara zane a ƙasa da tsinke. In tankunan suka sauko kan dakali mai tsawon mita ɗaya, tsawo ya koma talatin da bakwai. Aiki miliyan uku da dubu ɗari bakwai. A raba da rabin doki, abin da ke isa ga ruwa ke nan.

"Awa biyu da minti arba'in da biyar," ya ce a hankali.

"Da hannun wa ka auna wannan karon?" in ji Maikuɗi.

Wannan karon ya ɗaura dutse a igiya ya zura da kansa, a gaban mata duka, ya shimfiɗa ta a filin ƙwallo ya bi ta da tef sau uku. Talatin da shida da ɗan ɗoriya. Tankunan kayan makaranta ne, kuma babu wanda za a tambaya izini, don haka ya ce in an dawo an yi faɗa, a kansa. Ranar Lahadi bayan ya dawo daga coci, mazan sansanin suka jera bulo suka yi dakali, suka sauko da tankunan da igiya bayan an juye ruwan, Bulama yana ba da umarnin da ba wanda ke bi. Maikuɗi ya yanke bututu ya sake haɗawa yana gunaguni.

Litinin da ƙarfe tara aka tayar da inji. Pindar bai kawo kujera ba. A tsaye ya yi ta zagaya dakali yana kara kunne a jikin tanki kamar mai jiran haihuwa. Sha biyu saura kwata ta yi, shiru. Maikuɗi ya fara gyaran murya. Saura minti goma sha huɗu. Saura sha uku. Sai ga ruwa ya ɓullo ta bakin tanki na biyu, ya gangaro ta gefe ya jiƙa wa Pindar takalmi, janareta kuma tana ta rurinta da sauran mai a ciki.

Guɗar da aka yi sai da sojan da ke bakin ƙofa ya leƙo. Maikuɗi ya kashe inji, ya kwance makulli ya miƙa wa Pindar ba tare da an ce ya bayar ba, yana cewa shi dama aiki ya yi masa yawa a bakin titi.

Ya Gana ta iso da jarkarta, ta dubi agogon da har yanzu ke wuyanta, a juye.

"Ka ce saura kwata. Ka yi lattin minti biyu."

"Ɗoriyar igiyar ce, Ya Gana."

"Kullum da abin da za ka ɗora wa laifi." Ta juya wajen layi ta ɗaga murya. "Ke mai jan bokiti, matsa mana! Ba ki ga Malam Doki-Ɗaya zai wuce ba?"

Pindar ya tsaya cak. Ya ji sarai, har cikin ƙashinsa ya ji, amma ya kara hannu a kunne.

"Na'am? Me kika ce?"

"Kunnen ma gajere ne? Na faɗa, ba na maimaitawa." Ta cika jarkar ta dire a gabansa. "Kuma kada ka ga ruwa ya zubo ka ɗauka an yafe. Kwana bakwai muka yi da kai, huɗu ka yi. Tunda ba guga, ɗauki wannan. Aji na uku, ƙofar da ke da labulen buhu."

Ya sunkuya ya ɗauka, lita ashirin da biyar, ya bi bayanta yana tangaɗi, mata na buɗe masa hanya suna yi wa Malam sannu da aiki.